Sitiyari a Hagu, Birki a Dama

Mutanen Daura ba su da dama wajen laƙaba wa mutum suna, kuma in suka laƙaba sai dai ya tafi da shi kabari. Shi ya sa har Badaru ya yi furfura a harkar mota, ba wanda ya taɓa kiransa Badaru Direba ko Badaru Bakanike. Badaru Gyartai ake cewa, don sana'ar da ya gada ke nan. Ubansa da kakansa duk masu ɗinkin ƙwarya ne, masu zaga unguwa da basilla da zaren kaba, mata suna aiko musu da fasassun ƙore.

Da kwanukan sha da fanteka da roba suka cika kasuwa, sai sana'ar ta mutu a hannunsa, amma halin bai mutu ba. A wurin Badaru babu abin da ya lalace a duniya, sai dai wanda ba a kawo masa ba. Da wannan aƙidar ya je Dutsi ya ga wata tsohuwar akori-kura a bayan gidan wani ɗan baranda mai sayen gyaɗa, ciyawa ta tsiro ta cikin bodinta, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar yadda ake gwada ƙwarya, ya ce tana da sauran kwana.

Shi bai taɓa tuƙi ba a lokacin, saboda haka ya haɗa gwiwa da Mati suka saya. Mati ɗan kawunsa ne, tsohon direban babbar mota da ya sha hanyar Kurmi har ya gaji ya dawo gida. Taubasai ne ke nan, Mati ɗan namiji, Badaru ɗan mace, kuma tun suna yawo ba wando Mati ke kiransa "bawana". Ba a taɓa jin kalma mai daɗi ta shiga tsakaninsu ba, ba a kuma taɓa ganin ɗaya ya ci abinci bai tambayi ɗaya ba. Suka raba aiki: Mati tuƙi, Badaru gyara da lodi, suna jigilar mutane da awaki tsakanin Daura da Mai'adua, wani bi har Kongolam.

Gyaran Badaru kuwa sai wanda ya gani. Madigadi ya tsage, bai kai wa mai walda ba, ya huhhuda shi ya ɗinke da waya, ɗinki reras, har matan da ke shiga motar suna shafawa suna cewa ko ƙwaryar amarya albarka. Fanbel ya tsinke a daji, ya yanko kiri ya murɗa. Lagireto yana yoyo, ya zuba masa garin kuka, yoyon ya tsaya, amma daga ranar da zarar injin ya ɗau zafi sai ƙamshin miya ya cika mota, fasinja su fara hamma suna tambayar ko an kusa. Ya yi wa bodin bene na gora don awaki su hau sama, mutane su zauna ƙasa, kuma bai ga aibun wannan tsari ba sai da wani malami ya sauka da rawaninsa a jiƙe alhali ko gajimare babu. Matarsa Yelwa ta daina neman murfin tukunya in ya ɓace, sai dai ta aika a dubo mata cikin injin.

A haka ya koyi tuƙi a gefen Mati, yana shan zagi, har ya yi lasin. Amma kujerar direba ta Mati ce, ba mai zama. Mati in ya hau, ya karkace hula, ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya danna ham, to, ko hakimi bai kai shi jin kai ba.

Badaru ne ya fara lura. Wata rana Mati ya tsaya a bakin hanya yana yi wa wani kututturen goriba magana, wai ina za shi. Aka yi dariya, Mati ya ce gwada hankalin fasinja yake yi. Wata rana ya yi wa suri ham har sau uku. Sai kuma ranar wata kasuwar Mai'adua, rana tsaka tangararan, matan Fulani sun jero a gefen hanya da ƙoren nono a ka, Mati ya nufe su kai tsaye yana ba da labarin Kurmi. Badaru ya kai hannu ya fizgi sitiyari, motar ta sha da su da ƙyar, har gefen zanen ta ƙarshe ya shafi bodi. Ya juyo ya dubi idon taubashinsa da kyau, ya ga wani fari-fari ya fara rufe baƙin. Yanar ido ce.

"Mati," ya ce da suka sauke fasinja, "ba ka gani."

"Ina ganin muninka sarai, bawana."

"Wallahi da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ka taɓa duba madubi?"

Nan fa ake yin ta. Bakin da ya shekara arba'in yana tsokana, ranar da ya ɗauko gaskiya ba mai karɓa. Ya faɗa a zaune, ya faɗa a tsaye, Mati yana ƙyaƙyata dariya yana ramawa. Har dabara ya yi ya ce shi ne idonsa ke ciwo, Mati ya raka shi asibitin ido a Kano. Mati ya raka shi, ya zauna a waje wajen mai tsire, Badaru ya fito da maganin ɗigawa da ba ya bukata.

Yelwa ce kawai ya buɗe wa cikinsa.

"To, Malam, ka gaya wa manyan tasha mana," in ji ta.

"In na gaya musu, gobe za su karɓe makulli a gaban jama'a. Kin san Mati. Ranar da aka ce masa makaho, aka zaunar da shi a zaure yana korar ƙuda, ranar za a fara haƙa kabarinsa."

"In kuma ka yi shiru ya kashe 'ya'yan mutane fa?"

Abin da ke hana Badaru barci ke nan. Ga rai, ga mutunci, kuma ba wanda yake so ya zubar.

Ana cikin haka gwamnati ta ce ƙasa duka za a koma tuƙi ta hannun dama. Rediyo ba ta da zance sai wannan. Direbobin Daura ba su ɗauke shi da zafi ba, don da ma in sun tsallaka Kongolam suka shiga ƙasar Faransa, wato Nijar, hannun dama suke bi, su dawo su canza. Ba wanda ya ce a taɓa tsofaffin motoci. Amma Badaru ya shigo tasha da sassafe fuska a murtuke, ya ce shi ya ji da kunnensa, duk sitiyarin da ke dama sai an mai da shi hagu, kuma shi ba zai jira a kama shi ba.

Aka yi masa caa. Wannan ya ce ƙarya ne, wancan ya ce a wace rediyon. Mati ya ce, "Ku ƙyale shi, kunnen bawa ba ya jin magana daidai." Da Mati ya tafi suna a ƙauyen surukansa, Badaru ya shiga motar da sifana.

Ya cire sitiyarin daga kan sandarsa, ya kafa wata sanda a gaban kujerar hagu ya ɗora shi. Saura yadda zai haɗa sandunan biyu, sai ya samo bel na injin niƙa. Bel ɗin ya yi tsawo, shi kuwa ba ya yanka abu mai amfani, saboda haka ya harɗe shi a tsakiya don ya ɗame. Ya tsaya ya dubi aikinsa, ya yaba wa kansa.

Mati ya dawo ya tarar da kujerarsa ba sitiyari. Ya yi ta salati yana shafa wurin. Birki na nan, kuloci na nan, totur da giya da ham duk suna nan, amma abin riƙewa ya yi ƙaura.

"Sauran ma duk zan mai da su hagu, sai ka koma can," in ji Badaru. "Ƙarfe nake jira daga Kano. Mako mai zuwa."

"Ni in zauna a kujerar ɗan kamasho? Allah ya sawwaƙe. Hau ka riƙe mini, in ga iyakar haukarka."

Suka fita gwaji ta bayan gari, hanyar Mai'adua. A nan akwai wata kwana, a kan kwanar kuma akwai gidan Shatu mai daddawa, da rumbunta na zana a bakin danga. Badaru ya hango rumbun, ya murɗa sitiyari hagu don ya kauce. Motar ta yi dama. Ya ƙara murɗawa, ta ƙara yin dama, don bel ɗin da ya harɗe baya-baya yake juya sandar. Kafin ya tuna cewa birki ba a ƙafarsa yake ba, hancin motar ya shige cikin rumbu, dawa tana zubo musu ta taga.

Shatu ta fito da muciya. Ba za a iya maimaita abin da ta faɗa ba, amma ta fara daga kakan Badaru mai gyartai ta gangaro, ba ta tsallake kowa ba. Mati kuwa dariya har da hawaye, yana cewa, "Ƙara masa, Inna, bawana ne, na ba ki shi." Badaru ya kwana biyu yana ɗinke rumbun, kuma, a faɗi gaskiya, ya fi da kyau.

Ya yar da shawarar bel, ya samo kacar babur guda uku ya haɗa, ya sa wa kowace sanda faifai mai haƙora. Wannan karon abin ya zauna. Hagu hagu ce, dama dama ce. Daga nan motar ta koma aiki da direba biyu, kuma duk wanda ya shige ta a shekarun nan ba zai manta da abin da kunnensa ya ji ba.

"Totur! Sassauta, jaki ne a gaba. Birki, Mati, birki!"

"Ji bawa yana ba ubangidansa oda. Na taka tun kafin ka buɗe baki."

"Giya ta biyu, yashi ne."

"Ni za ka koya wa yashin Kongolam? Riƙe faifanka ka yi mini shiru."

Abin mamaki, tafiyar ta fi da lafiya. Mati ya san kukan injin kamar kukan ɗansa, ya san kowane rami na hanyar da ɗuwawunsa, ba ya bukatar a ce masa ya canza giya. Badaru ya zama idonsa, ba tare da an taɓa faɗin haka ba. Hular Mati tana nan a karkace, gwiwar hannu a taga, ham a hannunsa, masu tallar gyaɗa suna ce masa sannu direba.

Wani ɗan sanda baƙo ya taɓa tare su a shinge. Ya leƙa ta dama ya ga mutum ba sitiyari, ya zagaya ta hagu ya ga mutum ba birki.

"Wane ne direba a cikinku?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Mati.

"To, wannan fa?"

"Bawana ne. Riƙe mini sitiyari yake yi, hannuna ba ya son wahala."

Suka miƙa lasin biyu, duka masu kyau. Ɗan sandan ya cire hula ya sosa ƙeya, ya laluba dokokin da ke kansa bai sami wadda ta dace ba, ya ɗaga musu sanda.

Sai dai abin bai zo wa Badaru a banza ba. Mako mai zuwa ya zo ya wuce, ƙarfen Kano bai iso ba. Da aka matsa masa ya ce maƙerin ya tafi Makka. Da maƙerin ya dawo ya ce damina ce. Aka yi farin nan da ya ƙarar da shanu, aka fita, birki yana dama. Har ya zama karin magana a tasha, in mutum ya yi alkawarin da ba zai cika ba sai a ce mako mai zuwan Badaru. In tela ya ɗinka riga ba hannu ɗaya, a ce aikin Gyartai. Mutumin da duk taƙamarsa a duniya ita ce abin da ya ɗinke ba ya warwarewa, shi ne ya zama abin misalin rabin aiki. Yana jin zafin abin har cikin ransa, yakan dawo gida ya kasa cin tuwo. Yelwa ta dube shi ta ce, "Kai ka ɗauko." Ya ce, "Ni na ɗauko."

Da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka sauka, gari ya cika da sababbin babura da motoci masu sitiyari a hagu tun daga kamfani, sai wani matashi mai suna Jafaru ya dawo daga Kano ya buɗe gareji a bakin tasha. Bakanike ne na gaske, mai hannu, ga kirki, kuma kirkin nasa ne ya kusa rusa komai. Wata safiya, tasha cike, ana lodi, ya zo ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba Badaru, abin nan ya daɗe yana damuna. Ku ba ni motar nan yini ɗaya. Ko in mai da birki da kuloci hagu, ko in mai da sitiyari inda Allah ya halicce shi. Kyauta, don girmanku."

Tasha ta ɗau sowa. Aka ce yau mako mai zuwa ya zo. Badaru ya buɗe baki, ya nemi ƙarya, ya tarar duk ya ƙarar da su. In aka haɗa sitiyari da birki a wuri ɗaya, mutum ɗaya ne zai zauna, kuma kowa zai ga wanda ba zai iya ba.

Sai Mati ya leƙo ta taga, ya gyara hula.

"Kai Jafaru, Allah ya yi maka albarka, amma ba ka san bawana ba. In ka ba shi birki da totur a ƙafa ɗaya, Shatu ba za ta sake ajiye hatsi a Daura ba. In kuma ka dawo mini da sitiyari, me zan ba shi ya riƙe? Zaman banza ne zai sa ya fara ɗinke fasinja. Bar mu a haka. Ni na hana a ƙarasa aikin, ba shi ba."

Aka fashe da dariya, har Jafaru. Ya ba da haƙuri ya koma garejinsa.

Suka kama hanya. Sun wuce kwanar Shatu, sun miƙe, ba wanda ya ce uffan, abin da bai taɓa faruwa ba. Can sai Mati ya yi gyaran murya, fuskarsa na kallon gaba.

"Bawana."

"Na'am, ubangijin wahala."

"Wannan rigar da ka sa yau ta yi maka muni ƙwarai."

"Wace iri ce?"

"Oho. Ni yanzu da kai da rigar da hanyar duk fari ɗaya nake gani. Amma na san ka, ba za ta yi kyau ba." Ya gyara hula. "Tun ranar masu nono na sani. Riƙe da kyau, ka ji? Kada ka zubar da ni."

Hanyar ta yi wa Badaru dishi-dishi, ya sa hannun riga ya share ido, don mota ɗaya ba ta ɗaukar makafi biyu.

"Totur, malalaci," ya ce. "Rana na yi."

Suka ƙara shekaru suna tafiya a haka, ba su sake ta da zancen ba. Mati bai zauna a zaure ko yini ɗaya ba. Ranar wata Lahadi ya tuƙo daga Mai'adua, ya ce jikinsa ba daɗi, ya kwanta, kafin Juma'a an kai shi makwancinsa. Tasha kaf ta bi gawarsa, ana cewa an yi rashin direba.

Bayan an share makoki, Badaru ya zo tasha da sifana. Ya kwance kacar, ya cire faifan, ya zare sitiyarin ya mai da shi kan sandarsa ta asali, ya ɗaure noti. Mai shayin da ya ɗora tukunya lokacin da ya fara, ruwansa bai tafasa ba ya gama. Jafaru yana tsaye yana kallo, ya dubi notin, ya dubi Badaru, sai a lokacin ya gane dalilin mako mai zuwa, ya sunkuyar da kai. Daga ranar ba a sake jin mako mai zuwan Badaru a bakin kowa a tasha ba.

Ya shiga ta dama, ya zauna a kujerar da ta lotsa daidai jikin wani, ya tayar da mota ya fita shi kaɗai ta bayan gari. Tafiya yake a hankali, injin yana ƙamshin kuka. Ya iso kwanar Shatu, wata akuya ta gifta, ya kauce mata, sai ga rumbu a gabansa.

"Birki, Mati!" ya ce, ya jira.

Motar ta gangara a hankali ta tura hancinta cikin zana. Dawa ta fara zubowa.

Shatu ta fito da muciya, ta tsufa amma bakin yana nan, ta riga ta ɗauko daga kan kakansa. Ta zagayo ta taga ta tarar da shi ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, kujerar hagu ba kowa. Ta tsaya da muciyar a sama. Sai ta sauke ta a hankali, ta jingine ta jikin taya.

"Sauko ka sha ruwa, Gyartai," ta ce. "Rumbun ya jira mako mai zuwa."